Bawul ɗin taya da gyaransa a hanyar daji

Bawul ɗin taya shi ne ɗan gajeren bututun da ke leƙowa daga jikin wili, wanda ta cikinsa ake hura wa taya iska, shi ne kuma yake hana iskar komowa waje. Wanda ke jikin motoci da babura ana kiransa Schrader, sunan kamfanin da August Schrader ya kafa a birnin New York na Amurka a 1844. An yi wa ƙirar bawul ɗin rajista a 1893.

A cikin bututun akwai ƴar allura mai sifirin wadda ke buɗewa idan an danna ta, a bakinsa kuma akwai murfin da ke tare ƙura. A tayar da ba ta da tub, gindin bawul roba ce mai kauri da ake cusawa a hudar wili. Samfurin da ya fi yawa a ƙananan motoci shi ne TR413, mai shiga huda ta milimita 11.5.

A kan kwalta bawul kan daɗe bai lalace ba. A hanyar burji da ta gona kuwa sai a hankali. Tsakanin Gusau da Ɗansadau, ko Anka da Bagega, ruwan damina kan yanka hanya, taya ta faɗa kwazazzaɓo, kututture ko dutse ya bangaje bawul ya tsinke shi daga gindi. A fadamun Argungu laka ce ke lanƙwasa shi idan mota ta kafe, a ƙasar Zuru kuma duwatsu. Zafin bazara ma yana busar da robar har ta tsattsage, don haka tsohon bawul ba ya buƙatar wani babban bugu kafin ya fita.

Idan allurar ce kawai ta saki, gyaran na minti ɗaya ne: a shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa a ɗaure allurar ko a canza ta. Wahalar tana ga wanda ya tsinke, domin sabo daga ciki yake shiga, dole ke nan a raba leɓen taya, wato bakinta da ke manne da wili, da wilin. Inda babu mai faci, direbobi kan cire ƙafar motar su kwantar da ita a ƙarƙashin shasi, bayan sun tare sauran tayoyin da duwatsu sun kuma tokare motar da safaya ko katako. Sai su ɗora gindin jak a kan gefen tayar dab da wili, kusa da bawul, su yi ta ɗagawa har nauyin motar ya danna leɓen tayar ya yi ƙasa. Daga nan a yanke ragowar tsohon da wuƙa, a shafa wa sabon ruwan sabulu, a turo shi ta ciki, a jawo shi ta waje har ya zauna daram. Ba a shafa baƙin mai, yana cin roba. Filaya na iya jan bawul ɗin, amma takan lalata zaren da murfi ke hawa.

Mayar da leɓen taya mazauninsa yana son iska mai ƙarfi lokaci guda. Ɗaure igiya tam a kewayen tayar yana taimaka wa ƙaramin famfo. Wasu kan zuba fetur a ciki su kunna wuta, dabarar da ke iya fasa taya ta kuma ƙona mutum.

A babur mai tub, bawul manne yake da tub ɗin. Idan aka yi tafiya da ƙarancin iska, taya kan zame a kan wili ta yage shi daga tushe, kuma faci ba kasafai yake riƙe wurin ba, sai dai sabon tub.