Babu bizar ritaya ta zama a Madina: abin da dokar Saudiyya ta tanada

Wani saƙon murya na ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan fansho a nan Kaduna, wai Saudiyya ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya haura shekara 60 ya je ya ƙarasa rayuwarsa a Madina. Wai da bizar umara zai shiga, in ya isa a juya masa ita ta koma igama, wato takardar izinin zama. Har wasu sun fara karɓar kuɗin cike fom. Jama'a, maganar nan ba ta da tushe. Saudiyya ba ta da bizar da ake ba mutum don ya yi ritaya, kuma tsufa ba ya cikin abubuwan da ke halatta wa baƙo zama a ƙasar.

Na san abin da ya sa zancen ke shiga rai. Hadisi ya kwaɗaitar da mai iko ya cika a Madina, kuma dattijon da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati ba shi da burin da ya wuce ya riƙa samun asuba a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buri ne mai kyau. 'Yan damfara ma sun san da shi, shi ya sa suke biyowa ta nan.

Masu zama bisa ƙa'ida su ne mai igamar aiki a ƙarƙashin kafili da iyalinsa, da ɗalibai, sai masu izinin zama na musamman da aka fito da shi a 2019. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da abin da mai ritaya ke nema, don ba ya buƙatar kafili. Amma kuɗinsa riyal 800,000 ne in na dindindin ne, wato sama da dala 200,000, ko riyal 100,000 duk shekara. A 2024 an ƙara wasu rukunai, ciki har da na wanda ya mallaki gidan da darajarsa ta kai riyal miliyan 4.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kwana 90 na bizar umara. A 2022 aka ƙara wa'adin daga kwana 30, sai wasu suka ɗauka an sassauta komai. Wa'adin da aka ba ka ka shiga ƙasar daban, kwanakin da za ka zauna bayan ka shiga daban. Sannan kwana 90 ɗin ma ba kullum suke cika ba, domin duk shekara hukuma na sa ranar da kowane mai umara zai fice kafin aikin hajji. A 2025 ranar 29 ga Afrilu ce, daidai da 1 ga Zulƙida. Wanda ya shiga a ƙarshen azumin shekarar bai samu ko rabin kwanakin ba, kuma daga washegari ya zama mai laifi ko da a lissafinsa yana da saura. Bizar umara ba ta komawa igama. Haka ita ma bizar ziyara da ɗanka mai aiki a can zai turo maka: ana iya sabunta ta, amma baƙo kake, ba ka da izinin aiki, ba ka da na hajji.

Wanda ya zarce wa'adi yana fuskantar tarar da za ta iya kai riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kai wata shida, sannan a koro shi. Dokar ba ta ware mai furfura ba. Wanda aka kama yana neman yin hajji ba izini kuwa, a sanarwar 2025 tararsa ta kai riyal 20,000, in baƙo ne a koro shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Ku dubi dattijo ɗan shekara 68 da wannan hukunci. An ɗauki zanen yatsunsa, sabon fasfo ba zai ɓoye shi ba. Garin neman zama na har abada ya rasa ko umarar azumi da ya saba.

Laifin kuma ba ya tsayawa a kansa. Wanda ya ba mai karya dokar zama masauki ko aiki, tararsa na iya kai riyal 100,000, har da ɗauri, in shi ma baƙo ne a haɗa da kora. Ke nan Baba na iya jawo wa ɗansa asarar igamar da ake ciyar da gida da ita. Ba a ma zo kan rayuwar takari ba: ciwon suga ya tashi amma ana tsoron zuwa asibiti, ga fargabar kame da zaman tarhil, wato jiran kora, a gidan tsare baƙi na Shumaisi.

Wasu kan ce to ai Dubai na da bizar masu ritaya. Tana da ita, ta shekara 5, ga wanda ya kai 55. Sai dai ana son gida ko ajiyar dirhami miliyan 1, ko kuɗin shiga na dirhami 15,000 a wata, kimanin dala 4,000, tare da inshorar lafiya. Fanshonmu da naira ake biya. Izinin zama ne kawai, ba ya mai da mutum ɗan ƙasa.

Ni dai tsarin bai kwanta mini ba. Malamin firamare da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aji a Rigasa ba zai taɓa cika waɗannan sharuɗɗa ba, mai dukiya kuwa da sa hannu ɗaya ya gama. Amma ƙasarsu ce, kuma rashin jin daɗinmu ba zai hana jami'in jawazat, wato na hukumar shige da fice, aikinsa ba.

Na ga wani dattijo bayan la'asar a Tudun Wada, takardun gidansa a cikin leda, yana neman dillali don ejan ya ce masa gurbi ya kusa ƙarewa. Na ce masa: Baba, ka ce ya rubuta maka sunan bizar da adadin kwanakin zama, a sa yaro ya duba a shafin hukumar Saudiyya kafin ka ba da ko kwabo. In ya ce sai an isa can za a gyara takardu, to zaman takari yake sayar maka. Ka riƙe gidanka, ka je umara ta hannun kamfani mai lasisin NAHCON, ka rubuta ranar fita a takarda ka soke cikin fasfo.