Ƙofar babbar mota ta ƙi zama bayan an mayar da kai: tambayoyi da amsoshi

An sauke kan tifata, wato ɗakin direba, an gyara an mayar, amma ƙofa sai an buga ta da ƙarfi take rufuwa. Me ya jawo?

Sau da yawa laifin ba na ƙofar ba ne. Kan mota yakan ɗan murɗe idan an aje shi a ƙasa ko an ɗora shi bisa tayoyi, don haka ƙofar da aka saita a can ba za ta zauna daidai ba bayan an hau da shi kan shasi. A fara ɗaure kan a mazauninsa, da robobinsa masu lafiya, motar tana tsaye a wuri mai daidai. Sannan a taɓa ƙofa.

Daga ina ake farawa, hinji ko makulli?

Hinji. Wannan ce maganar da nake so kowane yaron gareji ya riƙe. Ka kwance ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi, ka ajiye shi gefe. Hinji ne ke ɗaukar nauyin ƙofa, aikin makulli riƙewa kawai. Na sha ganin an ɗaga wannan ƙarfen sama don ya tallabi ƙofar da ta sunkuya. Za ta rufu a gareji, mai mota ya biya ya tafi, amma kafin ya yi sawu biyu tsakanin Kaduna da Zariya ƙarfen ya cinye, ƙofa ta fara kuka.

Kafin ka sassauta komai, buɗe ƙofar kaɗan, ka kama gindinta ka ɗaga. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, fin ɗin hinji ko bushin ya ci, kuma babu saitin da zai zauna sai an canja. A nemi irinsa a kasuwar Panteka, a tafi da tsohon a hannu. In babu motsi, sa jak da guntun katako a ƙarƙashinta, sassauta notika yadda ƙofar za ta motsa ba tare da ta zube ba, ka gyara hinji ɗaya, ka ɗaure, ka gwada. Mutum biyu ake so, domin ƙofar DAF ko MAN ba abin ɗauka da hannu ɗaya ba ce.

Yaya zan gane ta zauna?

Ratar da ke kewaye da ita ta zama ɗaya, wajen milimita 4 zuwa 6. Yanki kwali mai wannan kaurin ka zagaya da shi. Layin jikin ƙofar ya haɗu da na bodi, kuma in ka shafa da tafin hannu kada ka ji tudu. In ba a sa gilashi da injinsa ba tukuna, bar ta ta ɗan fi tsayi, nauyinsu zai sauko da ita.

Sabuwar roba ta sa ƙofa tauri, in cire?

A'a, bar ta, za ta kwanta cikin 'yan kwanaki. Sa takarda tsakanin roba da bodi, ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. Inda ta zare ba wuya, ta nan ƙurar hunturu da ruwan damina za su shigo wa direba.

Kafin fenti ake saita ƙofa ko bayansa?

Kafin fenti. Kuma tun ranar kwancewa, a zagaye kowane hinji da alamar ƙusa, ita za ta nuna maka inda yake zaune tun asali.