PostgreSQL

PostgreSQL manhaja ce ta ajiye bayanai da sarrafa su, daga rukunin rumbunan bayanai masu alaƙa, wato waɗanda ke jera bayani a jadawalai masu layuka da ginshiƙai, kowane jadawali kuma ana iya ɗaure shi da wani ta hanyar lamba ta musamman. Da yaren SQL ake ba ta umarni. An rubuta ta da yaren C, tana aiki a kan Linux, Windows, macOS da dangin BSD. Tushen rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Masu aiki da ita kan ce Postgres kawai, tambarinta kuwa kan giwa ne.

Tarihi

Tunanin jera bayanai a jadawalai masu alaƙa Edgar F. Codd na kamfanin IBM ne ya kawo shi a 1970. A 1986 Michael Stonebraker ya fara aikin POSTGRES a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, a matsayin magajin wani rumbu da ya gina a baya mai suna Ingres. Ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa SQL suka fitar da shi da sunan Postgres95. A 1996 aikin ya bar jami'a ya koma hannun masu sa kai na ƙasashe daban-daban, aka kuma sa masa sunan da yake da shi yau. Siga ta 8.0 ta 2005 ce ta fara aiki kai tsaye a Windows, ta 9.0 ta 2010 ta kawo kwafar bayanai nan take zuwa saba ta biyu (saba ita ce kwamfutar da rumbun ke zaune a kai). Yanzu babbar siga ɗaya ake fitarwa kowace shekara, wajen Satumba ko Oktoba, kuma ana ci gaba da gyara kowace siga tsawon shekara 5.

Lasisi da kuɗi

Lasisin PostgreSQL gajere ne, irin na BSD da MIT. Ya halatta a yi amfani da ita a kasuwanci, a saka ta cikin manhajar sayarwa, ba tare da biyan ko kobo ba, ba kuma tare da tilasta wa mutum buɗe nasa rubutun ba. Babu kamfani ɗaya da ya mallake ta, don haka babu wanda zai saye ta ya sauya sharuɗɗa. Wannan ya bambanta ta da MySQL, wadda ta koma hannun Sun a 2008, daga nan ta koma hannun Oracle a 2010, lamarin da ya sa aka ɓalle aka kafa MariaDB.

Ga ɗan kasuwa a Legas amfanin a fili yake: lasisin manyan rumbunan kasuwanci da dala ake ƙiyasta shi, sau da yawa bisa ƙarfin injin da aka ɗora su a kai, ga kuɗin tallafi na shekara-shekara, ciniki kuwa da naira ake yin sa. Sai dai rashin kuɗin lasisi ba ya nufin rashin ɗawainiya. Akwai kuɗin saba, da wuta, da wurin ajiye kwafi, da albashin wanda ya san aikin. Wanda ya zaɓe ta don kyauta ce kawai bai ga babban alherinta ba, domin ƙarfinta na gaskiya yana wajen tsare daidaiton lissafi.

Tsare daidaiton lissafi

A ɗauki dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke karɓar kaya daga Arewa yana bayarwa bashi. Sayar da buhu 40 rubutu uku ne a rumbu: a rage 40 daga jadawalin kaya, a shigar da layin ciniki, a ƙara kuɗin a kan bashin mai saye. Idan na farko ya shiga, na uku bai shiga ba, kaya sun fita babu wanda ake bi. PostgreSQL na ba da damar ƙunshe ukun tsakanin umarnin BEGIN mai buɗe aiki da COMMIT mai tabbatar da shi, su shiga gaba ɗaya ko su faɗi gaba ɗaya. Hatta sauya tsarin jadawali, kamar ƙara ginshiƙi, ana iya sa shi cikin irin wannan ƙunshi a janye shi da ROLLBACK idan an ga kuskure, abin da ba kowane rumbu ke yi ba.

Sai ƙa'idojin da ake ɗora wa jadawalin kansa. CHECK (adadi >= 0) na hana kaya komawa ƙasa da sifili. UNIQUE na hana lambar rasit ɗaya shiga sau biyu, matsalar da ke yawan faruwa idan intanet ta yi nauyi magatakarda ya danna maɓalli sau biyu. REFERENCES na hana rubuta bashi a kan mai sayen da babu shi a jadawalin abokan ciniki, yana kuma hana goge mai sayen da ake bi bashi. Masu rubuta manhaja da yawa kan bar waɗannan binciken a cikin manhajarsu kaɗai, kuma wannan sakaci ne, domin ran da aka ƙara manhajar waya, ko wani ya shiga rumbun kai tsaye don gyara, binciken ba ya nan. Ƙa'idar da ke jikin jadawali kuwa tana hawa kan kowa.

Idan magatakarda biyu suka yi yunƙurin sayar da buhu 10 na ƙarshe a lokaci guda, umarni irin wannan ya isa: UPDATE kaya SET adadi = adadi - 10 WHERE lamba = 7 AND adadi >= 10. Na farko zai riƙe layin, na biyu ya jira. Da na farko ya kammala, rumbun zai sake duba sharaɗin, ya tarar babu saura, ya gaya wa na biyu cewa babu layin da ya sauya. Kuskuren da aka saba yi shi ne a karanto adadin zuwa cikin manhaja, a yi ragin a can, sannan a mayar da sakamakon. Ta haka mutum biyu za su sayar da kaya ɗaya. Masu karatu kawai, kamar mai duba rahoton wata, ba sa tare masu rubutu, domin kowane aiki yana ganin hoton bayanan yadda suke a lokacinsa.

Idan aka ɗauke wuta

Kafin a taɓa ainihin fayilolin jadawali, kowane sauyi sai an fara rubuta shi a wani kundin jerin sauye-sauye da ake kira WAL, wanda ake ajiyewa guntu-guntu, kowane guntu megabait 16. COMMIT ba ya dawo da amsa sai rubutun ya sauka a faifai. Kamar ɗan kasuwar da ke rubuta kowane ciniki a ƙaramin littafin aljihu nan take, sai da yamma ya kwashe zuwa babban littafi: ko an tashi kasuwa ba shiri, na aljihun na nan. Idan wuta ta ɗauke saba ta mutu, da ta tashi rumbun zai bi WAL daga wurin da aka yi kwashewar ƙarshe, wadda a tsarin asali ake yi kusan duk minti 5, ya maimaita abin da aka tabbatar, ya watsar da wanda bai kammala ba.

Abu biyu ke karya wannan alkawari. Na farko, kashe saitin fsync, mai tilasta rubutu ya sauka a faifai, don neman sauri, wanda ke iya lalata rumbun baki ɗaya. Na biyu, faifai mai araha da ke cewa ya rubuta alhali bayanin na cikin ma'ajiyarsa ta wucin gadi. Shagon da ke ajiye sabarsa a ofis, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a rana, dole ya sa mata UPS ko inbata, ya kuma sayi faifai irin na saba mai kariya daga ɗaukewar wuta. Wanda ke son ƙarin sauri a rubuce-rubucen da ba na kuɗi ba, saitin synchronous_commit, mai sa COMMIT jiran faifai, zai kashe: abin da zai iya rasawa bai kai na daƙiƙa ɗaya ba, kuma rumbun ba zai lalace ba.

Naira, lambar waya da sunayen Hausa

Ba a ajiye kuɗi a nau'in float, domin ba ya riƙe ɓangaren goma daidai, 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. A yi amfani da numeric, ko a ajiye kuɗin a kobo cikin bigint. Nau'in integer yana tsayawa a 2,147,483,647, wanda a kobo bai kai naira miliyan 21.5 ba, kuɗin da dillalin shanu a Oko-Oba ko ɗan canji zai iya wucewa a ciniki ɗaya. Lambar waya kuma text ce, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace. Lokaci a ajiye shi a timestamptz, a saita yankin lokaci zuwa Africa/Lagos, don kada cinikin ƙarfe 12 da rabi na dare ya faɗa lissafin jiya idan sabar na bin agogon UTC.

A ƙirƙiri rumbun da tsarin UTF8 don ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su zauna lafiya. Tun da wani zai rubuta Ɗanladi wani Danladi, ana iya daidaita neman suna da translate, a mayar da haruffa masu lanƙwasa zuwa k, d, b, y kafin kwatantawa, a kuma ƙara pg_trgm, ƙarin kaya mai gano kalmomi masu kama da juna, don kamo Muhammad da Mohammed tare. Sunaye irin su Sa'idu da Isma'ila gwaji ne mai kyau ga kowace manhaja: idan shigar da su ya jawo kuskure, to ana liƙa rubutun mai amfani kai tsaye cikin umarnin SQL, kuma ta wannan ƙofar ce ɓarayin intanet ke shigowa. Maganin shi ne a aika umarni daban, bayani daban, kamar yadda kowane yaren shirye-shirye ya tanadar.

Ga masu rubuta manhaja

Tun siga ta 9.4 ta 2014 akwai nau'in jsonb, wanda ke ba da damar ajiye bayanin da bai da tsayayyen tsari, kamar amsar da kamfanin biyan kuɗi ke turowa, a kuma yi masa fihirisa, wato jerin da ke hanzarta nema, irin GIN. PostGIS na ƙara mata lissafin taswira, don haka kamfanin kai saƙo zai iya tambayar wane ɗan acaɓa ne ya fi kusa da wani adireshi a Idi-Araba. Tun 9.5 ana iya iyakance layukan da kowa zai gani, reshen Agege kada ya ga cinikin reshen Alaba Rago, abin da ke taimakawa wajen bin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Manhajar kasuwanci ta Odoo, da DHIS2 ta bayanan lafiya, da taswirar OpenStreetMap duk a kanta suke zaune. Jadawali ɗaya na iya kai terabait 32, iyakar da ƙananan kamfanoni ba za su taɓa hangowa ba.

Abin da ke lalacewa da dalilinsa

Saitin da take zuwa da shi na ƙaramin inji ne. shared_buffers megabait 128 ne, shawarar da aka saba bayarwa kuwa ita ce kashi 25 cikin 100 na RAM ɗin sabar da aka keɓe mata. Kowane haɗi da manhaja ta yi da rumbun yana buɗe nasa aikin daban a injin, iyakar asali kuma 100 ce. Idan manhaja ta cika su, gara a sa PgBouncer, manhajar da ke raba haɗi kaɗan ga masu nema da yawa, a tsakani da a ɗaga iyakar zuwa dubu. Idan tambaya ta yi nauyi, EXPLAIN ANALYZE zai nuna ko ana karanta jadawalin gaba ɗaya ne saboda rashin fihirisa. A lura, ginshiƙin da ke ɗauke da REFERENCES ba ya samun fihirisa da kansa, sai an yi masa.

UPDATE ba ya goge tsohon layi, sabo yake rubutawa ya bar tsohon a matsayin matacce, sai mai shara na autovacuum ya zo ya kwashe. A tsarin asali sharar ba ta farawa sai matattun sun kai kusan kashi 20 cikin 100, wato layi miliyan 2 a jadawali mai miliyan 10, don haka manyan jadawalai na buƙatar a rage musu wannan kason. Aikin da aka buɗe da BEGIN aka manta ba a rufe ba yana hana sharar, jadawali ya yi ta kumbura. Idle_in_transaction_session_timeout na yanke irin wannan haɗin. Kashe autovacuum gaba ɗaya ganganci ne, domin lambar ƙidayar ayyuka tana da iyaka wajen biliyan 2, idan aka kusa kaiwa ba a yi shara ba rumbun zai daina karɓar rubutu.

Idan faifai ya cika da WAL, galibi saba ta biyu ce ta mutu aka bar mata gurbin kwafa, mai riƙe mata WAL har ta karɓa, a buɗe, ko umarnin adana WAL ɗin ne ke faɗuwa. Kada a goge komai a cikin pg_wal, inda ake ajiye WAL, da hannu. A cire gurbin ko a gyara umarnin, rumbun zai rage su da kansa. Kada kuma a buɗe ƙofar 5432, wadda ake shiga rumbun ta cikinta, ga duk intanet, balle a rubuta trust a fayil ɗin pg_hba.conf, wanda ke nufin shiga ba kalmar sirri.

Kwafin ajiya da sabuntawa

Ga ƙaramin rumbu, ɗaukar kwafi da umarnin pg_dump -Fc kowane dare ya wadatar, tare da pg_dumpall --globals-only, tun da na farkon ba ya ɗaukar sunayen masu shiga. A kai kwafin wani gini daban, a kuma riƙa gwada mayar da shi da pg_restore a wani inji. Kasuwancin da ba zai jure asarar cinikin yini ba yana buƙatar pg_basebackup ko pgBackRest tare da adana WAL, wanda ke ba da damar komawa daidai mintin da ya gabaci ɓarna. Saba ta biyu mai kwafa nan take ba ta maye gurbin wannan, domin DELETE na kuskure ma nan take take kwafe shi.

Ƙananan gyare-gyare, kamar daga 16.3 zuwa 16.4, suna fitowa aƙalla duk wata uku, kuma galibi sauya manhajar da sake kunna ta kawai ake yi. Tsallakawa daga 16 zuwa 17 kuwa sai da pg_upgrade ko juye bayanan a sake lodawa. A fara gwadawa a kan kwafi, a tabbatar ƙarin kayan da aka ɗora irin su PostGIS suna da sigar da ta dace, bayan an gama kuma a gudanar da ANALYZE kafin a buɗe wa ma'aikata, don rumbun ya sake ƙididdige jadawalansa ya zaɓi fihirisar da ta dace.