Waiwaye: Daga Farantin Gilashi Zuwa Tara Hasken Taurari a Allon Waya

A wani daren Nuwamba, bayan damina ta ɗauke amma hazo bai riga ya kankama ba, wani malamin kimiyya ya kafa ƙaramar na'urar hangen nesa a filin wata makaranta da ke bayan garin Bauchi, ta hanyar Dass. Babu inda ake kafa ido a leƙa a jikinta. Waya ce kawai a hannunsa, yara sun yi masa zobe. Da farko allon baƙi ne, sai ɗigo-ɗigo kamar talabijin da ba ta kama tasha ba. Bayan minti biyu wani abu mai kama da hayaƙi ya fara fitowa. Kafin minti goma ya yi ja-ja a gefe, fari a tsakiya. Gajimaren Orion ke nan, tarin iskar gas da ƙura inda ake haihuwar sababbin taurari, mai nisan tafiyar haske ta shekara fiye da 1,300.

Dattijon da ke gadin makarantar ya leƙo ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba daga intanet ka sauko da wannan ba?"

"Baba, ara mini hularka," in ji malamin. Ya kifa ta a bakin na'urar. Nan take lambar da ke ƙirga hotuna a allon ta tsaya cak. Ya ɗauke hular, ƙirga ta ci gaba.

Shakkar Baba tana kan hanya, domin wanda duk ya taɓa leƙa Orion da idonsa ta madubin hangen nesa ya san toka-toka yake gani, babu ja ko kaɗan. Idon ɗan Adam rariya ne: hasken da ya shiga ba ya taruwa, cikin ƙiftawa ya wuce, kuma a duhu ido ba ya rarrabe launi sosai. Abin da aka yi shekara fiye da ɗari ana nema shi ne randar da za a tara hasken a ciki.

Randa ta farko farantin hoto ce. A 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a Amurka. Ɗansa Henry Draper ya ɗauki wannan gajimare na Orion a watan Satumba na 1880, bayan ya bar idon kyamara a buɗe minti 51. A 1883 Andrew Common, a bayan gidansa a Landan, ya ɗauki hoton da ya fito da taurarin da ido bai iya gani ta cikin madubin da aka ɗauki hoton da shi. Wahalar ita ce duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, taurari suna gocewa daga idon kyamara, don haka sai mutum ya kwana yana bin tauraro ɗaya da hannu. Ya yi gyangyaɗi, ko iska ta girgiza na'urar, aikin dare ya tashi a banza, kuma ba zai sani ba sai ya wanke farantin.

A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro CCD a ɗakin bincike na Bell, wato ɗan guntun lantarki mai mayar da haske lambobi, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Da haske ya zama lamba, sai aka iya yi masa lissafi. Hasken tauraro yana faɗowa wuri ɗaya a kowane hoto, shi kuwa ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto yau yana nan, gobe yana can. In aka jera hotuna da yawa daidai wa daida aka fitar da matsakaicinsu, sai tauraron ya tsaya, dattin ya dusashe. Hoton da Hubble, na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya, ta ɗauka a Disamba 1995, wanda ya nuna gungun taurari kusan 3,000 a wani ɗan tsukin sama, hotuna 342 ne aka ɗora kan juna cikin kwana goma.

Masu sha'awa da ba su da kuɗin gwamnati ba su zauna ba. A farkon shekarun 2000 suka riƙa cire gilashin kyamarar kwamfuta irin Philips ToUcam suna maƙala ta a madubinsu, su ɗauki bidiyon Jupiter ko Mars, sannan manhajar RegiStax ta Cor Berrevoets ɗan ƙasar Holan ta tsince hotuna masu kyau ta haɗa. DeepSkyStacker ta Luc Coiffier a Faransa ta yi wa abubuwa masu dishi-dishi irin wannan aiki. Amma duk sai gari ya waye a zauna gaban kwamfuta. A ɗaya gefen kuma akwai masu kyamarar bidiyo irin Mallincam ta Kanada, su burinsu jama'a su gani a talabijin a daren, ko da hoton bai yi tas ba.

Tara hoto nan take, wato abin da yaran nan suka gani a allon waya, shi ne auren waɗannan hanyoyi biyu. Kyamarori masu araha da ke da CMOS, wani guntun lantarki mai yin irin aikin CCD, sun fito, waɗanda ba sa ƙara datti da yawa a duk hoton da suka ɗauka, don haka gajerun hotuna na daƙiƙa goma suka zama masu amfani. Manhajar SharpCap ta Robin Glover a Ingila tana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Hoto yana shigowa, manhaja ta nemo taurarin ciki, ta juya shi ta daidaita da na baya, in ya yi kyau ta zuba shi a tarin, in ya girgiza ta watsar. Wannan ne ya sa hular Baba ta tsayar da ƙirga: ba taurari, ba abin daidaitawa. Daga baya kamfanonin Vaonis da Unistellar na Faransa, da ZWO na Sin wanda ya fitar da Seestar S50 a 2023, suka cusa madubi, kyamara da kwamfuta a akwati ɗaya. Bakin gilashin Seestar milimita 50 ne kacal, bai kai bakin kofin shayi ba.

Akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Tsabtar hoto ba ta bin yawan hotuna ƙafa da ƙafa: kana son ninki biyu, sai ka tara ninki huɗu, kana son ninki goma, sai ɗari. Shi ya sa mintocin farko ke sa yara ihu, bayan rabin awa kuwa da ƙyar ake ganin ƙari. Kuma a ganina kalmar "nan take" tana da ɗan ruɗi. Abin da ke allon tarin hasken mintocin da suka wuce ne, ba bidiyo ba.

Mu a nan muna da gata da cikas. Bauchi tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin Kaza da 'Ya'yanta da gungun taurari na Andromeda ta arewa, muna kuma hango tarin taurari na Omega Centauri ta kudu, wanda mutumin Landan ba ya gani ko kusa. Wanda ya fita ta wajen Yankari zai sami duhun da Turawa ke biyan kuɗi su nema. Amma daga Yuni zuwa Satumba hadari ne, in hunturu ya kankama kuma ƙura ta rufe sama, kuma babu manhajar da za ta tara hasken da bai iso ba. Oktoba da Nuwamba su ne rabonmu mafi tsoka.

Tambayar da na san tana tafe ita ce ta jinjirin wata. Ranar 8 ga Yuli 2013 wani mai ɗaukar hoton sama, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata a Faransa da hantsi, rana na sama, daidai lokacin haihuwarsa, abin da babu idon da zai gani. Ko abin da kyamara ta tara ya cancanci a kira shi gani a shari'a, wannan hurumin malamai ne da fadar Sarkin Musulmi, ba na malamin kimiyya ba. Baba dai ya karɓi hularsa ya kakkaɓe, ya ce a juya abin wajen Kaza da 'Ya'yanta, yana so ya ƙirga ko 'ya'yan sun fi bakwai.