Taƙaita gudun intanet a kan layin tarho

Taƙaita gudun intanet a kan layin tarho hanya ce da kamfanin sadarwa ke bi ya ƙayyade wa mai ADSL yawan bayanan da zai iya ja a daƙiƙa ɗaya. ADSL nau'in layin intanet ne da ke bin wayar jan ƙarfe ta tarhon girke. Murya na tafiya a mitar da ke ƙasa da kilohaz 4, bayanai kuma a sama da haka, wani ɗan akwati da ake maƙalawa a bango shi ke raba su. Ƙa'idar ADSL ta 1999 ta kai megabit 8 a daƙiƙa, ingantacciyarta ADSL2+ ta 2003 kuwa megabit 24.

Da wuya mai layi ya ga wannan gudun. Da farko akwai nisa: sigina na raunana a cikin jan ƙarfe, in gida ya yi wa cibiyar tarho nisan kilomita 5, abin da ke isowa kaɗan ne. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Abin da ake yi da gangan yana cibiyar, a na'urar DSLAM inda layukan unguwa ke haɗuwa. Nan ake saita kowane layi daidai kuɗinsa. Wanda ya biya megabit 2 ba zai wuce ba, ko da wayarsa za ta ɗauki 10. Daga gida zuwa cibiya wayar ta maigida ce shi kaɗai. Tarayya daga nan take farawa, don kamfani na sayar da fiye da abin da babban layinsa ke ɗauka, bisa lissafin ba kowa zai hau lokaci guda ba, kamar famfon unguwa da ke tsiyaya in kowa ya buɗe nasa. A da, a Birtaniya an saba haɗa gidaje 50 a kaso ɗaya, 'yan kasuwa 20. Shi ya sa bidiyo ke tsaitsayawa bayan isha'i, har a ce rezo ya yi nauyi. Wasu kamfanonin kuma kan danne manyan sauke-sauke a irin wannan lokacin.

A Yamai layukan girke na hannun Niger Telecom, wanda aka kafa a 2016 da haɗewar kamfanonin SONITEL da SahelCom, hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ce ke sa ido. Nijar ba ta da gaɓar teku, sai ta maƙwabta take kaiwa ga wayoyin ƙarƙashin ruwa. Da ɗaya daga cikinsu, SAT-3, ta lalace ta ɓangaren Benin a Yulin 2009, intanet ɗin Nijar ya shiga matsala.