Wa ya fasa tafiyar, kai ko kamfanin jirgi? Abin da dokar Amurka ta ce kan kuɗin tikitinka

Duk wanda ya taɓa yankar tikitin jirgi zuwa Amurka, ko daga can zuwa gida, ya san tambayar da ke biyo baya idan tafiya ta ɓaci: kuɗin fa? Wani biza ce ba ta fito ba, wani bikin da zai je ne aka ɗage, wani kuma yana tsaye a filin jirgi da akwatinsa aka ce jirgi ba zai tashi ba. Kafin a shiga lissafi, abu ɗaya ake fara dubawa: wa ya fasa? Idan kamfanin ne, akwai doka a bayanka. Idan kai ne, sai abin da ka yarda da shi ranar da ka biya.

A ranar 24 ga Afrilu 2024, Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, lokacin da Pete Buttigieg ke riƙe da ita, ta fitar da ƙa'idar mayar wa fasinja kuɗinsa, kuma yawancinta ta fara aiki a ranar 28 ga Oktoba na shekarar. Ta shafi duk jirgin da ke tashi daga Amurka, ko sauka a can, ko zirga-zirga a cikinta, ko na kamfanin Amurka ne ko na waje. Wato wanda ya hau Delta daga Legas zuwa Atlanta yana ciki, haka wanda ya bi jirgin Habasha ta Addis Ababa zuwa Washington.

Idan kamfani ya soke tashin jirgi, ko ya sauya shi sauyi mai yawa, kuma kai ba ka yarda da madadin da aka ba ka ba, dole a mayar maka da kuɗinka, ko da tikitin irin wanda aka rubuta masa ba a mayar da kuɗi ne. Da can kowane kamfani shi ke yanke wa kansa me ake nufi da "sauyi mai yawa". Yanzu an rubuta shi: a tashi da wuri ko a isa a makare da awa 3 ko fiye a tafiyar cikin gida, awa 6 ko fiye a ta ƙasa da ƙasa. Haka nan idan aka canza maka filin jirgin tashi ko na sauka, ko aka ƙara maka yada zango, ko aka sauko da kai daga ajin kujerar da ka biya. Wanda ya biya da katin kiredit, kwanaki 7 na aiki aka ba kamfani ya biya shi. Sauran hanyoyin biya, kwanaki 20. Kuma ta hanyar da kuɗin ya fita, ta nan zai dawo.

Inda mutane ke yin asara shi ne wajen wannan "ba ka yarda ba". Saƙo zai shigo wayarka da ban haƙuri mai daɗi, a ƙasa ga maɓalli babba mai launi na karɓar sabon jirgi ko bauca, wato takardar da za ka sayi wani tikitin da ita a kamfanin, sai can gefe a ƙananan haruffa ka ga wurin neman kuɗi. Da ka danna babban, ka yarda ke nan. Da ka hau jirgin da aka sauya maka, maganar mayar da kuɗi ta ƙare. Dokar da shugaba Biden ya sa wa hannu a watan Mayun 2024 ta ɗan rage raɗaɗin, domin ta ce baucar da aka bayar a madadin kuɗin da kake bin kamfani sai ta yi aƙalla shekara 5 tana aiki. Duk da haka, ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar wa kamfani ajiyar kuɗin da doka ta ce a sa masa a hannu ba. Kada kuma a haɗa wannan da tsarin Tarayyar Turai, inda ake biyan diyyar jinkiri daga yuro 250 zuwa 600. A Amurka kuɗinka kawai za a mayar maka, babu diyyar ɓata lokaci.

Idan kuwa kai ne ka fasa, babbar ƙofar da doka ta bar maka a buɗe ita ce ta awa 24. Tun 2012, wanda ya sayi tikiti saura aƙalla kwana 7 a tashi yana da awa 24 ya soke ba tare da an cire masa ko sisi ba, ko kuma kamfanin ya riƙe masa farashin na awa 24 kafin ya biya. Amma sai idan daga hannun kamfanin ka saya kai tsaye. Mu da muka saba tura wa ejan kuɗi ya yanko mana, wannan ƙa'ida ba ta tilasta wa ejan komai ba.

Bayan awa 24 ɗin, sharuɗɗan tikiti ne ke magana. Kafin korona, manyan kamfanonin Amurka suna karɓar dala 200 a kan canza tikitin cikin gida, na ƙetare ya fi haka. A ƙarshen Agustan 2020, da fasinjoji suka yi ƙaranci, United ta sanar da daina karɓar wannan kuɗi, Delta da American suka bi sahu nan take. Sai dai alƙawarin kasuwa ne, ba doka ba ce, kuma yana da gefe. Galibi ya fi shafar tikitin da tafiyarsa ta fara daga Amurka. Ɗan'uwanka da ke Houston zai iya ɗage ranar zuwa gida ba tare da tara ba, kai kuma da ka yanki naka daga Legas ko Accra a kamfani ɗaya ana iya cajin ka. Mafi arhan tikiti, wanda suke kira Basic Economy, shi ma yawanci ba ya cikin wannan sassauci.

Ko an yafe tara, ba a yafe bambancin farashi ba. A ce ka sayi tikiti dala 900, ka koma wata rana da kujera ta kai dala 1,150: sai ka cika 250. A ce kuma tikitinka yana da tarar dala 200 ka soke shi: abin da ya rage maka 700 ne, kuma ba tsabar kuɗi ba ne. Kamar katin waya yake. Yana nan da sunanka, amma ba za ka auno shinkafa da shi ba, sai dai ka yi kira, kuma a layin da ka saya kaɗai. Yawanci sunan da ke kan tikitin farko shi kaɗai zai iya amfani da ragowar, ba za ka ba matarka ko ƙaninka ba.

Sannan ga wa'adi. A yawancin kamfanoni shekara ɗaya ce, kuma daga ranar da aka yanki tikitin ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka soke ba. Wanda ya saya a Janairu don tafiyar Oktoba, ya soke a Satumba, wata huɗu kacal suka rage masa, shi kuwa yana can yana lissafin shekara. A tambaya kuma ko kafin wa'adin ake so a yanki sabon tikitin ne, ko a fara tafiyar, domin kamfanoni sun bambanta a nan. Haka idan sabon tikitin ya fi tsohon arha, a tabbatar an rubuta maka ragowar kafin a rufe ciniki.

Mafi muni shi ne ka yi shiru ka ƙi zuwa. Jirgi ya tashi ba ka soke ba, sai a rubuta ba ka bayyana ba, a soke sauran zangon tafiyar har da na dawowa, kuma sau da yawa darajar tikitin gaba ɗaya ta tafi. Ko saura awa ɗaya a tashi, a shiga manhajar kamfanin a soke, a ɗauki hoton shafin. A adana lambar tikitin nan mai alƙaluma 13, domin da ita ake nemo ragowar kuɗin. Idan ta hannun ejan aka saya, a karɓi lambar daga wurinsa tun ranar farko, saboda kamfanoni da yawa wurinsa za su sake mayar da kai idan ka zo canji. Wanda kuma kamfani ya soke wa jirgi aka hana shi kuɗinsa, Ma'aikatar Sufurin tana da fom na ƙorafi a shafinta na intanet, kuma ba sai ɗan Amurka ne zai cike shi ba.