Wai shi furodusa meye aikinsa ne?

Jiya da la'asar muna zaune wajen mai jabana, wato gahawa, a nan Gadarif ta Sudan, ƙanena na kallon fim ɗin Hausa a waya, da sunaye suka fara hawa sai ya ɗago kai yace "Yaya, wai shi furodusa ɗin nan me yake yi ne tunda darakta ke ba da umarni?" Wani dattijo a gefe yace ai mai kuɗi ne kawai, ya zuba ya koma gefe yana jiran riba. Nace Baba kayi haƙuri, ba nan ta tsaya ba.

Furodusa shine wanda Larabawan nan ke cewa muntij, darakta kuma mukhrij, a finafinanmu zaka ga an rubuta "shiryawa" da "bada umarni". Mashiryin shi ke ɗauke da fim ɗin tun yana labari a takarda, shi zai nemo kuɗi ko nasa ko na wani, ya zaɓi darakta da jarumai, ya san kwana nawa za'a yi a lokeshan da abinda za'a ci, bayan an tace kuma shi zai san yadda za'a kai shi kasuwa. In an yi asara kansa take faɗawa.

Wanda ya ɗaga darajar wannan kujerar tun farko wani yaro ne ɗan Amurka, Irving Thalberg, an haife shi 1899 da ciwon zuciya har likitoci suna ganin da wuya ya wuce talatin. Sakatare ya fara yi a kamfanin Universal, yana ɗan shekara 20 aka damƙa masa kula da sutudiyo sukutum. Lokacin darakta shi ne sarki, yadda yaga dama yake kashe kuɗi, sai ga wannan yaron ya kori babban darakta Erich von Stroheim ana tsakiyar ɗaukar fim saboda ɓarnar kuɗi, daga nan aka gane waye mai gida.

Da aka kafa kamfanin finafinai na MGM a 1924 shi aka ba ragamar shirya finafinai, kuma abinda yafi burge ni da shi, in an gama fim baya sakinsa haka nan, sai an fara nunawa mutanen gari a wata silima an lura ina suka yi dariya ina suka fara gundura, sai ya dawo da kowa a sake ɗaukar wajen ko nawa zai ci. Cikin shekara 12 finafinai kusan 400 suka bi ta hannunsa amma baya yarda a sa sunansa a allo, wallahi wannan na taɓa min zuciya. Ya rasu 1936 yana da shekara 37, kuma masu Oscar sun ware kyauta da sunansa ta furodusoshi zalla.

Mu ma nan Sudan muna da namu, Jadallah Jubara, wanda ya gina Studio Gad a Khartum a shekarun 1970, ko da idonsa ya rufe da tsufa bai ajiye aikin ba, 'yarsa Sara ce ta zama idonsa. Ƙanen nawa bai taɓa jin sunansa ba. Da na gama bayani sai ya mayar da fim ɗin da yake kallo baya ya karanta sunan da ke ƙarƙashin "shiryawa".